Kayan Kaboyi da Ƙurar Maijirgi

A garin Tombstone na jihar Arizona, a ƙasar Amurka, har yau ana maimaita wani faɗan bindiga da aka yi ranar 26 ga Oktoba 1881. Faɗan bai wuce daƙiƙa talatin ba, mutum uku suka rasa rayukansu, amma ga shi an haura shekara 140 ana sa malafa da takalman kaboyi ana sake shi a gaban maziyarta. Wannan sha'awa ta kwaikwayon tarihin yammacin Amurka ta samo tushe tun 1883, lokacin da Buffalo Bill ya kafa wasansa na dawaki da harbi. Ta ƙetare teku har Jamus, inda garin Bad Segeberg ya fara shirya irin wannan wasa a 1952.

Masu wannan sha'awa sun cancanci yabo wajen ƙwazo, domin sukan binciki ɗinkin riga da ƙirar sirdi kamar masu neman digiri. Aibin wasan yana wajen zaɓen labari. Mai bindiga shi ne gwarzo, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa kuwa ado ne na bayan fage. Ba kasafai ake tuna Wounded Knee ba, inda sojoji suka kashe ƴan ƙabilar Lakota fiye da 150, har da mata da yara, a Disamba 1890.

Ɗan Nijar ne ya riga mutane da yawa gano wannan aibi. A 1966 Moustapha Alassane ya fitar da fim ɗinsa mai suna Le Retour d'un aventurier, wanda Djingarey Maïga da Zalika Souley suka fito a ciki. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, daga bisani suka juya wa juna bindiga. Ana yawan kallon fim ɗin a matsayin raha, alhali hukunci ne mai nauyi: wanda ya ari rigar wani ba tare da sanin tarihinta ba, halin mai rigar zai ɗauka, kuma danginsa ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Wannan darasi ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi kai tsaye. Dawaki da kayan hawa ba baƙi ba ne a nan; duk wanda ya ga hawan salla ya san haka. Tarihin da za a kwaikwaya ma yana ƙofar gida. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa: Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilu; Birnin Ƙonni a watan Mayu; sannan Koran Kalgo. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb, wanda aka aiko ya karɓe ragamar rundunar. Ranakun 16 da 17 ga watan, sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Duk mai shirya wasa zai ga kwaɗayin wannan labari: hafsoshi uku, kwana huɗu, harbi da cin amana. To, a nan tarkon yake. In aka bi wannan hanya, Maijirgi za ta zama Tombstone ta biyu, yara su riƙa rububin fitowa a matsayin Bature mai farar hula, kakanninmu da aka kashe kuwa su koma taron da ke faɗuwa ƙasa ba suna ba magana. A zamanin, kisan Klobb ne ya fi girgiza Faransa, fiye da rayukan talakawan da suka salwanta. Bai kamata dandalinmu ya maimaita wannan awo ba.

Ayyuka biyu sun nuna abin koyi da abin gudu. Fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya mayar da mutanen ƙasa tsakiyar labari. Sai dai ya tattara turjiyar duka a jikin jaruma guda, kuma ya tsaya kan Arewa ta ƙasar Dogonduci. African Apocalypse na Rob Lemkin, na 2020, ya bi sawun rundunar tare da Femi Nylander. Ƙarfinsa yana inda jikokin waɗanda abin ya shafa suke magana da bakinsu. Rauninsa kuwa shi ne yadda ya ɗaure tafiyar da littafin Joseph Conrad, har Voulet ya sake mamaye fage.

Saboda haka, ƙungiyar da ke son raya 1899 ta fara da zaure kafin ta je wurin tela. A tura ɗalibai su zauna da dattawa, su rubuta sunayen garuruwan da aka tasa, da rijiyoyi, da inda mutane suka gudu, da waƙoƙin da suka rage. A bambanta abin da aka ji daga kakanni da abin da aka karanta a lakkol, domin su biyun sun cakuɗe. A bai wa manomi da mai daka da maƙeri baki a cikin wasan, a kuma yi tambaya mai ɗaci game da sojojin Afirka da suka riƙe wa Voulet bindiga.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Samarin fim ɗin Alassane sun bar gida alhali suna tsakiyar ƙauyensu. Sirdi da rawani da kakaki za su ƙawata fili, amma ma'aunin wasan tarihi shi ne wanda aka bai wa magana. In yaron Korgom ko na Kanembakashe ya tashi daga kallo yana iya faɗin sunan garin da aka ƙone da dalilin ƙone shi, wasan ya biya kuɗin sabulu.