Wa ke riƙe da magana? Ƴar aiki a littafin Childress da na Stockett

Wannan ƴar maƙala ta kwatanta ƙagaggun labarai biyu na Amurka da suka ɗauki jigo guda, wato rayuwar mata baƙaƙen fata masu aikatau a gidajen fararen fata a zamanin wariyar launin fata. Na farko shi ne Like One of the Family na Alice Childress (1956), na biyu kuwa The Help na Kathryn Stockett (2009), wanda aka fassara da Faransanci da sunan La Couleur des sentiments. Abin da ya bambanta su, a ganinmu, shi ne matsayin mai ba da labari.

A littafin Childress, Mildred, mazauniyar Harlem a Niyok, ita kaɗai ke magana, tana labarta wa ƙawarta Marge abin da ta gani a wurin aiki. Da uwar ɗakinta ta yi wa baƙuwa alfahari cewa Mildred tamkar ƴar gida take, sai ta tuna mata cewa ƴan gida a ɗakin cin abinci suke ci, ita kuwa a kicin. Mai aikin ce ke yanke hukunci, babu mai yi mata tafinta.

Stockett ta kafa labarinta a Jackson ta jihar Misisifi, daga 1962. Aibileen da Minny suna magana da bakinsu, amma shaidarsu ba ta zama littafi sai ta hannun Skeeter, budurwa farar fata. A ƙarshe Skeeter ta samu aiki a Niyok, Aibileen kuwa an kore ta. Bugu da ƙari, karin harshen masu aikin ne marubuciyar ta fi fitarwa a rubuce, Ingilishin iyayen gidansu kuwa ya zo kusan a daidaice, alhali su ma ƴan Kudu ne. Ƙungiyar mata baƙaƙen fata masana tarihi ta Amurka ta soki wannan salo a 2011.

Batun ya shafi mai fassara kai tsaye. In ya ba Skeeter daidaitacciyar Hausa, ya ba Aibileen gurɓatacciya, to ya kwafo wariyar zuwa harshenmu. Don haka muna ba da shawarar a haɗa Childress da Une vie de boy na Ferdinand Oyono a aji, domin a 1956 suka fito, kuma a duka biyun mai hidima ne ke riƙe da magana.