Shaidar Ƙarfe Rabin Shaida Ce

Wanda ya girma a Unguwar Shanu, cikin Kaduna, bai rasa jin ƙugin jirgin soja ba, gama sansanin mayaƙan sama yana nan arewa da unguwar, wajen Mando. Amma in ya so ganin tsofaffin jiragen yaƙin ƙasar nan a jere, sai ya niƙi gari ya tafi Umuahia, inda aka kafa Gidan Tarihin Yaƙi a shekarar 1985. To, bari mu auna labarin da jiragen nan su ke bayarwa, mu ga inda ya cika da inda ya gaza.

Abin yabo shi ne, an tara kayan ɓangarorin yaƙin basasa duka biyu wuri guda. Ga MiG-17 ƙirar Rasha, irin waɗanda Gwamnatin Tarayya ta samu a 1967, ga Ilyushin mai jefa bom. Ga kuma ɗan ƙaramin Minicon na Biyafara, jirgin koyon tuƙi ƙirar Suwidin, irin waɗanda aka ɗaura wa rokoki, von Rosen ya kai hari da su filin jirgin Fatakwal a 1969. Ko wanda bai yi nisa da karatu ba, in ya dubi babban ya dubi ƙaramin, ya fahimci yadda ƙarfin ɓangarorin ya bambanta. Nan kam ƙarfe ya fi alƙalami iya bayani.

Amma fa shaidar ƙarfe rabin shaida ce. Jirgi yana nuna fukafukansa, ba ya faɗin sunan kasuwar da bom ɗinsa ya faɗa, ko na makanikin da ya kwana yana gyaransa. Mai kallo ya kan fita yana sha'awar ƙira, ya manta da makoki.

Sa'an nan labarin ya girmi 1967 nesa. A ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, Coningham na jagorantarsu. A zamanin yaƙin Hitila, tun daga 1940, dubban jirage sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Alƙahira. A 1964 aka yi dokar kafa rundunar mayaƙan sama, Jamusawa suka horad da samarinmu a Kaduna. Nan kuma aka harhaɗa jirgin koyo mai suna Air Beetle. Jiragen basasa ba za su iya ba da wannan labari ba, don ba su gan shi ba.

Abin da zai cike giɓin nan ba manyan kaya ba ne. Hular matuƙi ce, da littafin da ya ke rubuta tafiye-tafiyensa, da hoto, da bakin tsohon soja. Irin waɗannan suna cikin akwatunan gidajenmu, gara tana ci. Ga shi kuwa gidan tarihi na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, yana kan Titin Ali Akilu, kusa da mu.

Jama'a, ku da kuka yi yaƙi da jahilci, alƙalami na hannunku. Ku zauna da tsofaffin nan, ku rubuta abin da suka gani tun suna da rai. Jirgi ya kan jira shekara hamsin a fili, tsoho ba ya jira.