Gidan Tarihin Sufuri na Jurby: Tsokaci a Kan Abin da Ake Adanawa

Tsibirin Man yana cikin teku tsakanin Ingila da Ailan, kuma ya daɗe da shahara wajen riƙon tsofaffin hanyoyin sufuri. Jirgin ƙasa mai tururi ya fara aiki a can a 1873, taragon da doki ke ja a birnin Douglas a 1876, na lantarki kuwa a 1893. A 2010 aka buɗe gidan tarihin sufuri a Jurby, arewacin tsibirin, cikin wata rumfar jiragen sama ta sojojin Birtaniya ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan sa kai ne ke tafiyar da shi. Manufar wannan maƙala ita ce auna abin da irin wannan gida yake iya adanawa.

Babban abin yabo shi ne tarihin talaka aka sa a gaba. Bas ɗin da ya kai ma'aikaci wurin aiki, ya kai ɗalibi makaranta, shi ne abin kallo. Masu rawaya na Hukumar Birnin Douglas da jajaye na kamfanin da ke zirga-zirgar karkara suna tuna wa mai kallo zamanin da ya gabaci haɗewarsu a 1976.

Amma misali ɗaya ya isa ya nuna iyakar aikin. Daga 1896 zuwa 1929 akwai taragon da igiyar ƙarfe ke ja a ƙarƙashin titin Douglas. Da aka rufe hanyar, sai aka mai da biyu daga cikinsu, lamba 72 da 73, gidan kwana. Daga baya masu kishi suka ceto su, suka haɗa tarago guda. Gangar jikin ta tsira, amma igiyar da injin da ke juya ta sun tafi, haka ma gwanintar direban da ya san lokacin kama igiya da lokacin sakinta. Wato an sami kwarya, ba a sami furar ba.

Tsibirin kansa ya san wannan darasi ta fuskar harshe. A 1948 Hukumar Adabin Baka ta Ailan ta ɗauki muryoyin tsofaffin da suka rage masu jin harshen Manks. Ned Maddrell, na ƙarshe da ya tashi da harshen, ya rasu a 1974. Waɗannan muryoyi suna cikin abin da masu farfaɗo da harshen suka dogara da shi, har aka kafa makarantar firamare mai koyarwa da shi a 2001.

Saboda haka dukiyar Jurby mafi saurin salwanta ita ce 'yan sa kan su kansu, da abin da ke bakinsu: sunayen sassan inji, kalmomin kwandasta, labarin kowace hanya. Ƙarfe yana jure jiran mai gyara shekara hamsin, mai ba da labari kuwa kwanansa ƙidayayyu ne. Wajibi ne ɗaukar muryoyinsu ya tafi kafaɗa da kafaɗa da gyaran motocin.