Jirgin Sama Ya Cinye Hanya, Kada Ya Cinye Labari

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Abin da nake so mu duba a wannan ɗan nazari shi ne matsayin tafiya a ƙagaggun labaranmu, yanzu da jirgin sama ya naɗe ƙasa kamar tabarma.

Tsakanin Kano da Jidda akwai nisan kilomita wajen 3,400, jirgi kuwa yakan cinye shi cikin kamar awa biyar. Kakana da ya bar Miga da ƙafa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana yada zango yana ƙwadago don neman guzuri, sai da ya shekara bakwai kafin ya komo. Har Allah ya yi masa rasuwa bai gama ba mu labarin hanyar nan ba. Yayata kuwa da ta sauke farali ta jirgi, labarin hanyarta bai wuce toshewar kunne ba.

To, mu ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, shekara tara bayan jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. Jigonsa shi ne bauta da rabuwar uwa da ɗa, amma nisa ne ya ba jigon nan nauyi. An ɗauke Umar daga Kano an ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar. Uwarsa ta bi sawu, ta faɗa hannun bauta a Murzuk, ba su sadu ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Kowane zango sai ya rage wa matar nan wani abu, mai karatu kuma yana jin ragin a jikinsa.

A yawancin littattafan soyayya da muke karantawa yau, jimla ɗaya ta isa: tauraro ya hau jirgi, sai ga shi a Dubai ko Landan. Yadda ya hau haka ya sauka, ko hularsa ba ta karkace ba. Jirgin alamar arziki ce kurum, kamar agogon hannunsa. A ganina wannan rauni ne babba, domin tafiyar da ba ta sāke halin matafiyi ba ɓarnar takarda ce.

Ba ina cewa marubuta su koma kan raƙumi ba ne. Nisa yana nan, wuri ya sauya. Idan kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya yanke hanya, mutumin Miga yakan daɗe kafin ya isa Kano fiye da yadda zai daɗe daga Kano zuwa Jidda. Ga sallama da dangi a bakin kwalekwale, ga zaman jira a sansanin alhazai, ga tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Jahun ba, yau tana leƙen gajimare ta taga tana salati. Awa biyar ɗin nan a zuciyarta sun kai shekara bakwai na kakana.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar rubutu, idan tauraronku zai hau jirgi, ku hau tare da shi. Allah ya sa mu dace.