Jinjina ga Ma'aikatan Jinyar Kware

A Sakkwato, "sai Kware" ya daɗe da zama abin tsokana a bakin yara, har da manyan da ya kamata su tsawata. Amma a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke garin Kware, ma'aikatan jinya ne ke kwance igiyar da dangi suka ɗauro majinyaci da ita, su wanke shi, su kira shi Malam. Su ke zaunar da iyaye su fahimtar da su cewa taɓin hankali ciwo ne, kuma yana jin magani. Tun kafin Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023 suke wannan aiki. Ga su 'yan kaɗan, majinyata kuwa har daga Zamfara da Kabi.