Gemun Aro: Nazari a Kan Barkwancin Leƙen Asiri a Silima

Tun da aka sanya wa silima murya a 1927, mai ɓad da kama, wanda a zamanin hoton bebe hula da gemu kaɗai suka ishe shi, ya zama tilas ya ari harshe da lafazi da irin tsawar wanda yake kwaikwayo, har ma kalma guda in ta kuɓuce masa ita ce ajalinsa. A kan wannan haɗari ne wasan barkwanci na leƙen asiri ya kafu, kuma a ganina bai taɓa kai martabar da ya kai a hannun Ernst Lubitsch ba, Bayahude haifaffen Balin wanda ya koma Amurka a 1922, ya fitar da To Be or Not to Be a 1942, alhali wutar yaƙin duniya na biyu tana ci, Malam Abubakar Imam yana ba masu karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo labarinta daga nan Zariya, ba kuwa wanda ya san inda nasara za ta faɗa.

Ƙissar ta wasu 'yan wasan kwaikwayo ce na birnin Waso, waɗanda sana'arsu ta tsaya cik da Jamus ta mamaye Folan a 1939. Wani jasusi, Farfesa Siletsky, ya yaudari matuƙan jiragen Folan da ke Ingila, ya karɓi sunayen danginsu zai miƙa wa Gestapo, 'yan sandan ciki na Jamus. Babban makamin 'yan wasan nan kuwa shi ne kayan sarki irin na Jamus da suka tanada domin wani wasa da hukuma ta hana su nunawa. Bayan an kashe jasusin, babban ɗan wasansu Tura, wanda Jack Benny ya fito a matsayinsa, ya ɗauki kamanninsa ya je wurin Kanar Ehrhardt na Gestapo, bai sani ba ashe an tsinci gawar; sai aka rufe shi ɗaki ɗaya da ita don ya rikice. Shi kuwa ya zaro aska ya aske gemun mamacin, ya liƙa masa na aro da ke aljihunsa, sa'an nan ya zuga Kanar har ya kai hannu ya ja. Gemu ya fita, Kanar ya shiga ba sojan gona haƙuri.

Mutumin Zazzau ba baƙo ba ne ga wannan hikima. Duk wanda ya ga yaran Gyallesu suna tashe da azumi, an liƙa gemun auduga an cusa tsumma a ciki, ko ya ji ɗan kama yana jan baƙi da muryar malamai alhali tuwo da miya yake fassarawa, ya san kwarjini abu ne da ake iya arowa. Sai dai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da yardar sarki ake yinsa, nasiha ce a cikin raha. Mulkin Hitila da Lubitsch ya kwaikwaya kuwa kashe mai dariya yake yi.

Da fim ɗin ya fito masu sharhi da dama sun ƙyamace shi, cikinsu har da Bosley Crowther na jaridar New York Times, ga kuma juyayin Carole Lombard, wadda ta fito matar Tura, ta rasu a haɗarin jirgin sama ran 16 ga Janairu, 1942, kafin a nuna shi. Hujjarsu ba abar rainawa ba ce, domin malamanmu ma sun yi wa wasa haddi, kuma izgili ga wanda musiba ta auka wa abin ƙi ne ga shari'a da hankali. Amma mas'alar ita ce, wa ake yi wa dariyar? Ehrhardt ne, mai sa hannu a kashe bayin Allah, wanda da zarar ya yi kuskure sai ya ɗora wa na ƙarƙashinsa Schultz, in kuwa bakinsa ya suɓuce da ba'a a kan Hitila sai jikinsa ya ɗauki rawa. Mulkin da ƙarami ba ya iya tambayar babba ko shi wane ne, shi da kansa ya buɗe wa ɗan wasa ƙofa.

Lubitsch ya san inda raha take tsayawa. Akwai Greenberg, ƙaramin ɗan wasa mai riƙon mashi, wanda burinsa a duniya ya karanta jawabin Shylock, Bayahuden wasan Shakespeare, a kan dandali, bai kuwa samu ba sai a gaban dogaran Hitila, inda ya karanta shi da ransa a hannu domin 'yan'uwansa su sami hanyar tsira. Felix Bressart, wanda aka ba wannan matsayi, shi kansa Bayahude ne da ya yi hijira daga Jamus bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933.