Jinjina ga Masu Jinyar Ƙwaƙwalwa a Zamanin Korona

Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, hankalin kowa ya koma kan tari da sarƙewar numfashi. Ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa, irin na Dawanau da na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, wata damuwar ce ta ishe su: majinyacin da ya saba zuwa karɓar magani, ga shi babu motar haya, hanya a rufe. Sun san idan maganin ya yanke, ciwon kan dawo.

Aikin nan da kallon fuska ake yin sa. Likita na lura da idon mutum, da yadda ya sunkuyar da kai, da shirun da ya yi kafin ya amsa. Takunkumi ya rufe rabin fuskar, sai suka ƙara kasa kunne. Wasu ta waya suka riƙa rarrashin uwar da ɗanta ya kwana uku bai runtsa ba, suna gaya mata abin yi kafin gari ya waye. Likitocin nan fa 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma su ma suna tsoron kai wa iyalinsu cutar.

Masu bincike ma sun cancanci yabo. Ƙididdigarsu ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar. Allah Ya saka musu da alheri.